Taiwo Oyedele da Sabbin Dokokin Haraji: Abin da Ya Nema, Abin da Ya Samu

Tun ranar 1 ga Janairun 2026, lokacin da sabbin dokokin haraji suka soma aiki a Najeriya, tambayoyin da ake maimaitawa a majalisun unguwa, rumfunan kasuwa da ofisoshin gwamnati kusan iri ɗaya ne. Shin za a riƙa yankar kuɗi daga asusun bankin mutum? Albashi zai ƙaru ne ko zai ragu? A rabon kuɗin VAT, wato harajin sayen kaya, an kwari Arewa ko ba a kware ta ba? Duk inda aka yi wannan hira sai sunan Taiwo Oyedele ya fito, mutumin da ya shugabanci kwamitin da ya tsara dokokin. Wasu na ɗaukarsa masanin da ya zo gyara tsarin da ya daɗe da lalacewa, wasu kuma na yi masa kallon ɗan aiken Legas da manyan kamfanoni.

Akwai abubuwa uku da ake cakuɗawa a nan: abin da mutumin ya daɗe yana faɗa tun bai shiga gwamnati ba, abin da kwamitinsa ya rubuta, da abin da ya rage bayan gwamnoni da 'yan majalisa sun gama yi wa rubutun aski. Ukun nan kowanne daban yake, kuma yawancin ruɗanin da ake ciki daga haɗa su wuri ɗaya ya samo asali.

Daga Yaba zuwa fadar shugaban ƙasa

Oyedele ɗan asalin Ikaram-Akoko ne a jihar Ondo, kuma akanta ne. Ya yi babbar difloma a Kwalejin Fasaha ta Yaba da ke Legas, sannan ya samu digiri daga jami'ar Oxford Brookes ta Ingila. A 2001 ya kama aiki da PwC, ɗaya daga cikin manyan kamfanoni huɗu na duniya masu binciken littattafan kuɗi da ba da shawara kan haraji. Shekara 22 ya yi a can, har ya kai ga shugabancin sashen haraji na kamfanin a Afirka. Ya kuma koyar a jami'ar Babcock.

Aikin irin wannan kamfani shi ne ya zauna da bankuna, kamfanonin waya da masana'antu, ya nuna musu abin da doka ta wajabta musu biya, da inda dokar ta bar musu ƙofa a buɗe. Wannan ne ya ba Oyedele sanin ciki da bai na tsarin, kuma shi ne abin da masu shakku ke riƙewa: wanda ya shafe shekara ashirin yana kare aljihun manya, da wane ido zai kalli mai shago? Masu goyon bayansa suna juya hujjar, su ce ba mai iya toshe kafa sai wanda ya san inda take.

Ba ga abokan hulɗar kamfani kaɗai ya tsaya ba. Ya daɗe yana rubutu a jaridu da fitowa a talabijin duk lokacin da aka gabatar da kasafin kuɗi. Yana cikin kwamitin da ya sake duba manufar haraji ta ƙasa a 2016, lokacin Kemi Adeosun tana ministar kuɗi, ya kuma yi aiki da ƙungiyar NESG ta 'yan kasuwa da masana tattalin arziki. A watan Yulin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya naɗa shi shugaban kwamitin gyaran haraji da manufofin kuɗi, aka ƙaddamar da kwamitin ranar 8 ga Agusta.

Mene ne aikin mai nazarin haraji?

Mai karɓar haraji tambaya ɗaya yake yi: ka biya? Mai nazari tambayoyinsa daban ne, kuma mafi nauyi a cikinsu ita ce: wa ke biya a zahiri? Domin wanda ya miƙa kuɗin ba lalle ne shi ya ji ciwon ba.

Ɗauki tirelar shanu da ta taso daga Potiskum za ta Legas. A kowane shinge direba ne ke zaro kuɗi yana karɓar tikiti. Amma direban ya riga ya saka wannan a kuɗin mota, mai shanun ya saka shi a lissafinsa, don haka ko dai ya taya wa makiyayi da rauni a kara, ko ya tsauwala wa mahauci a Legas, mahauci kuma ya ɗora wa mai cefane. Tikitin yana hannun direba, nauyin yana kan Bafulatani da matar da ta zo sayen nama. Gano inda nauyin haraji ke sauka a ƙarshe shi ne rabin aikin mai nazari.

Sauran rabin lissafi ne. Nawa harajin zai kawo, nawa za a kashe wajen karɓo shi, kuma me mutane za su canza idan aka ɗora shi? Akwai harajin da albashin masu karɓarsa da kuɗin buga rasit sun kusa cinye abin da yake kawowa. Akwai wanda in aka ɗaga shi sai mutane su daina mu'amala da banki su koma ajiya a gida. Mai nazari ba ya kafa doka. Yana auna waɗannan ne ya miƙa wa 'yan siyasa, su kuma su ɗauki abin da suka ga dama.

Tushen tunaninsa

Abin da Oyedele ya daɗe yana nanatawa shi ne matsalar Najeriya ba ƙarancin nau'in haraji ba ce, yawansu ne. Alƙaluman hukumar ƙididdiga ta ƙasa sun nuna a 2021 harajin da aka tara a duk matakan gwamnati kashi 10.86 cikin 100 ne na abin da tattalin arzikin ƙasar ke samarwa, alhali matsakaicin ƙasashen Afirka na kusan kashi 16. Burin da aka ɗora wa kwamitinsa shi ne a kai kashi 18. A lokaci guda, in ji kwamitin, akwai haraji da kuɗaɗen shiga sama da iri 60 da doka ta sani, waɗanda ake karɓa a aikace kuwa sun haura 200. Wato ƙasa ce da ake yawan karɓa amma ba a tara abin kirki. Ya kuma ƙiyasta cewa giɓin da ke tsakanin abin da ya kamata a tara da abin da ake tarawa ya kai naira tiriliyan 20 a shekara, kuma mafi yawansa a wajen masu hali yake, ba a wajen mai tura baro ba.

Daga nan ya fitar da ƙa'idar da ya yi suna da ita: a karɓi haraji daga amfanin gona, kada a taɓa iri. Ma'ana a bi riba da samu, a ƙyale jari da talauci. Manomin da aka ƙwace wa irin shuka bana, baɗi ba shi da abin da zai bayar.

Akwai kuma batun yarda. Binciken da NESG ta gudanar a faɗin ƙasar, wanda Oyedele ke yawan kafa hujja da shi, ya gano cewa 'yan ƙalilan ne ke ganin ƙin biyan haraji laifi ne da ya cancanci hukunci, kuma dalilin da aka fi bayarwa shi ne ba a ganin abin da ake yi da kuɗin. Mutumin da ya haƙa rijiyar burtsatse da kansa, ya sayi janareto, ya kai ɗansa makarantar kuɗi, ya biya 'yan sintiri, ba ya jin akwai bashin gwamnati a kansa.

Dalilin da ya sa Arewa ta tsargu

Kalmar haraji tana da tarihi a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa akwai kuɗin ƙasa, jangali, kuɗin karofi. Turawan mulkin mallaka suka haɗe su, suka bar karɓa a hannun hakimai da dagatai, aka kafa baitulmalin En'e. Dattawa har yanzu suna tuna yadda ake shanya magidanci a rana saboda kuɗin haraji, da yadda makiyaya ke ɓoye shanu in lokacin jangali ya zo. Yaƙi da wannan na cikin abin da ya ɗaga jam'iyyar NEPU, kuma soke haraji da jangali ne matakin farko da gwamnatocin PRP na Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka ɗauka a 1979.

Sai kuma lokacin da aka zaɓa. An cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka saki naira ta nemi farashinta, abinci ya yi tashin gwauron zabo. A watan Agustan 2024 aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa wadda ta fi zafi a Arewa. Wata biyu bayan haka, ranar 3 ga Oktoba, sai ga ƙudirori huɗu na haraji a gaban majalisa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Ƙudirorin su ne: na haraji kansa, wanda ya tattaro dokoki da dama wuri ɗaya, na tsarin gudanar da karɓa, na kafa sabuwar hukumar tara harajin tarayya, NRS, a madadin tsohuwar, FIRS, da na hukumar haɗin gwiwa tsakanin tarayya da jihohi, wanda ya zo da ofishin sauraron koken masu biyan haraji.

Inda aka kai ruwa rana: rabon VAT

VAT haraji ne da mai saye ke biya a kan kaya ko hidima, mai sayarwa ya karɓa ya miƙa wa gwamnati. An kafa shi a 1993 a kan kashi 5, ya koma 7.5 a Fabrairun 2020. Tarayya ce ke tarawa, sannan a raba duk wata.

A tsohon tsari, cikin kowace naira 100, tarayya na ɗaukar 15, jihohi 50, ƙananan hukumomi 35. Hamsin ɗin jihohi kuma ana kasa ta uku: rabinta, wato naira 25, a raba daidai wa daida, naira 15 bisa yawan jama'a, naira 10 bisa inda kuɗin ya fito. A wannan kaso na ƙarshe gizo ke saƙa. Inda kuɗin ya fito, a aikace, yana nufin inda hedkwatar kamfani take. Idan ɗan Daura ya sayi katin waya, ko 'yar Mubi ta biya cajin banki, VAT ɗin a littafi na Legas ne, domin daga can kamfanin ke biya.

Kwamitin Oyedele ya zo da sauyi biyu a dunƙule. Na ɗaya, a daina lissafi da hedkwata, a koma inda aka yi amfani da kayan. Na biyu, a rage kason tarayya zuwa 10, na jihohi ya koma 55, kuma kashi 60 cikin 100 na wannan, wato naira 33, a raba shi bisa inda aka ci kayan. Hujjarsa ita ce wannan zai mayar wa Kano, Kaduna da sauran jihohi masu yawan jama'a abin da ake rubuta wa Legas ba bisa haƙƙi ba, har yana cewa Legas ce za ta fi asara. Ya kuma yi gargaɗi da shari'ar da ke ƙasa tana dabo: a watan Agustan 2021 babbar kotun tarayya a Fatakwal ta yanke cewa jihar Ribas na da ikon karɓar VAT nata, Legas ta bi sahu da tata dokar, sai kotun ɗaukaka ƙara ta ce kowa ya tsaya inda yake. In wata rana kotun ƙoli ta ba jihohi gaskiya, kowace jiha abin da ta tara shi za ta ci, babu raba daidai. A ganinsa gara a ba da 60 da lalama da a rasa 100 a kotu.

Gwamnonin Arewa sun gana a Kaduna ranar 28 ga Oktoban 2024 ƙarƙashin Gwamna Inuwa Yahaya na Gombe, tare da sarakuna, suka yi watsi da tsarin. Abin lura shi ne cutar da suka ambata a sanarwarsu, wato rubuta VAT a hedkwatar kamfani, ita ce dai Oyedele ke cewa ya zo magancewa. Wannan ya sa wasu suka ce gwamnonin ba su karanta ƙudirin ba. Amma masu adawa suna da hujjojin da ba su dogara da wannan ba. Na farko, ko da an koma inda aka ci kaya, ci yana bin ƙarfin aljihu ne, kuma aljihun Legas, Ribas da Abuja ya fi na Yobe da Jigawa nesa ba kusa ba. Na biyu, abin da Arewa ta fi samarwa, wato hatsi, dabbobi da kayan gwari, ba a ɗora masa VAT, don haka jihar da ke ciyar da ƙasa ba za ta ga gudummawarta a wannan ma'auni ba. Na uku, ina bayanan? Kamfanin waya zai iya sanin inda aka yi kira, amma masana'antar da ta sayar wa babban dila a Onica ba ta san ko kayan a Gusau suka ƙare ba. Ɗora naira 33 kan ma'aunin da ba a gwada ba caca ce, kuma jihar da ke biyan albashi da kason wata-wata ba ta da ƙarfin caca.

Daga Kudu ma akwai tsohon ƙorafi, in an bi ta ɓarawo a bi ta mabi sawu: jihohin da ke fasa kwalaben giya suna karɓar kaso daga VAT ɗin giya, kuma jihar da ta tara da yawa tana karɓar ƙasa da abin da ta kawo.

Majalisar tattalin arziki ta ƙasa, wadda Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ke jagoranta, ta ba da shawarar a janye ƙudirorin ranar 31 ga Oktoba. Tinubu ya ƙi, ya ce a gyara a majalisar dokoki. Sanata Ali Ndume da Gwamna Babagana Zulum suka yi tsaye a kan adawa, Zulum yana tambayar dalilin gaggawa alhali dokar man fetur ta kusa shekara 20 kafin ta wuce. Wasu 'yan Arewa, irin su Yakubu Dogara da Abdulmumin Jibrin, suka goyi baya. Ƙungiyar ASUU ta shigo ta wata ƙofar, domin daftarin farko zai janye wa TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, kasonta sannu a hankali har ya ƙare a 2030, a mayar ga asusun bashin ɗalibai. Malamai a masallatai kuma suka ta da batun gado, saboda wani sashe kan kuɗin shigar iyali da aka fassara da harajin gado; kwamitin ya musanta cewa akwai irin wannan haraji.

A tsakiyar Janairun 2025 gwamnoni 36 suka cimma matsaya, kuma ita ce ta zama doka lokacin da Tinubu ya sa hannu ranar 26 ga Yunin 2025. Jihohi sun samu naira 55 ɗinsu. A ciki, 27.5 raba daidai, 11 yawan jama'a, 16.5 inda aka ci kaya. An yi fatali da shirin ɗaga VAT zuwa kashi 10, sannan 12.5, har 15 a 2030. Ya tsaya a 7.5. TETFund da hukumomin fasaha na NITDA da NASENI, waɗanda su ma za a janye musu kaso, sun tsira.

In aka sa lissafin a faranti, Oyedele ya samu ƙa'idarsa amma rabin nauyin da ya nema mata. Kason raba daidai ya ƙaru daga 25 zuwa 27.5, kuma wannan riba ce ga yankin da ke da jihohi 19 cikin 36. Sai dai akwai abin da ba a cika faɗa ba: kason yawan jama'a ya sauka daga 15 zuwa 11. Ƙananan jihohi ba su da asara a nan. Kano, Katsina da Kaduna kuwa sai ma'aunin inda aka ci kaya ya yi aiki da gaske kafin su cike wannan gurbi. Don haka ga manyan jihohin Arewa, amsar ko an ci riba ko an faɗi tana hannun ingancin bayanan da kamfanoni za su riƙa miƙa wa NRS jiha-jiha.

Ma'aikaci da albashinsa

A nan dokar ta fi fitowa fili. Naira 800,000 na farko a shekara ba haraji. Miliyan 2.2 na gaba kashi 15, miliyan 9 na gaba kashi 18, miliyan 13 na gaba kashi 21, miliyan 25 na gaba kashi 23, abin da ya haura miliyan 50 kashi 25. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi, naira 70,000 a wata, an ɗauke masa. An soke tsohon rangwamen da kowa ke samu kai tsaye, aka kawo na haya: kashi 20 na kuɗin hayar shekara, iyakarsa naira 500,000.

A ajiye fansho gefe don lissafin ya yi sauƙi. Malamin makaranta mai naira 100,000 a wata yana da miliyan 1.2 a shekara. A tsohon tsari, bayan rangwamen naira 440,000, harajinsa 78,000 ne. A sabo, 400,000 ɗin da ta haura iyaka ce kawai ake cirar kashi 15, wato 60,000. In yana biyan haya 200,000 kuma ya gabatar da shaida, ya koma 54,000. Mai miliyan 3 a wata kuwa nasa ya tashi daga kusan miliyan 6.6 zuwa kusan 7.2.

Sauƙin na gaske ne amma bai taka kara ya karya ba: dubu ɗaya da ɗari biyar zuwa dubu biyu a wata ga malamin nan. Sannan rangwamen haya ya fi dacewa da ɗan birni mai rasit. Wanda ke zaune a gidan gado, ko ya gina nasa a hankali, kamar yadda aka saba a garuruwanmu, ba shi da abin nunawa. Wani ɓangaren kuma ya shafi gwamnoni: harajin albashi jihohi ne ke karɓa, kuma a jihar da yawancin masu biya ƙananan ma'aikata ne, wannan sauƙi ragi ne a asusun jiha. Ƙarin naira 5 ɗin da jihohi suka samu a rabon VAT ake sa ran ya rufe shi.

Ɗan kasuwa, banki da farashin kaya

Ƙaramin kamfani, wanda kwamitin ya bayyana da mai cinikin da bai wuce naira miliyan 100 a shekara ba kuma kadarorinsa ba su haura miliyan 250 ba, ba zai biya harajin kamfani ba. Da can iyakar miliyan 25 ce. Manyan kamfanoni suna nan a kashi 30, an haɗe musu ƙananan haraji huɗu zuwa guda ɗaya na kashi 4, amma harajin ribar sayar da kadara ya tashi musu daga kashi 10 zuwa 30, kuma mafiya girma ba za su biya ƙasa da kashi 15 na ribarsu ba komai dabarar akantocinsu. Duk mai cewa an rubuta dokar don manya sai ya yi bayanin waɗannan biyun.

Sharaɗin shi ne wannan sauƙi na kamfani mai rajista ne. Mai rumfa a Kantin Kwari ko Dawanau da ke kasuwanci da sunansa, doka na kallon ribarsa a matsayin kuɗin shigarsa, kuma ma'aunin albashin nan na sama ne ke hawa kansa. In ba shi da littafin ciniki, hukuma ce za ta ƙiyasta masa. Rubuta shige da fice ya zama kariya ke nan.

Batun banki shi ya fi ta da hankali, kuma shi ya fi ƙarancin tushe. Haraji a kan samu yake, ba a kan abin da ke kwance a asusu ba. Kuɗin da ɗan'uwa ya turo na asibiti, bashin da aka biya ka, ko kuɗin adashe, ba riba ba ne. Lambar NIN ce ke zama lambar harajin mutum. Abin da ya tabbata shi ne bankuna za su riƙa kai rahoton asusun da manyan kuɗi ke ratsawa, kuma hukuma na da ikon bin bashin harajin da ya tabbata ta hannun banki, ikon da tun a tsohuwar doka yana nan. Naira 50 da ake cira kan tura 10,000 zuwa sama tana nan, sai dai ta koma kan mai turawa. Ƙarin kashi 5 kan fetur da aka yi ta cece-ku-ce a kai ya samo asali ne daga dokar hukumar gyaran hanyoyi ta 2007, kuma ba ya aiki sai ministan kuɗi ya fitar da umarni.

Kan abinci, magani da kayan karatu, VAT sifili ne, kuma masana'anta za ta iya neman a mayar mata da VAT ɗin da ta biya kan injina da hidimomi. Kamfanin casar shinkafa da a da yake cusa wannan kuɗi a farashin buhu yanzu yana da hanyar karɓo shi. Ko sauƙin zai iso ga mai awo, wannan ya danganta da saurin mayar da kuɗin da kuma gasa a kasuwa. Mai sayar da gero a kasuwar ƙauye dama bai taɓa cajin VAT ba, don haka kada a sa ran mudu ya sauka saboda wannan.

Takaddamar gazet

Ana saura mako biyu dokokin su fara aiki, a Disambar 2025, ɗan majalisar wakilai daga Sakkwato, Abdussamad Dasuki, ya miƙe a zaure ya ce abin da aka buga a gazet, takardar da gwamnati ke wallafa dokoki a hukumance, ya saɓa da abin da majalisa ta zartar. Majalisar ta kafa kwamiti, shugabanninta suka ba da umarnin a sake bugawa, shugaban ƙasa kuma ya ce ranar farawa ba za ta motsa ba. Ga gyaran da aka gina kan hujjar cewa rashin yarda ce babbar cutar haraji a Najeriya, wannan ba ƙaramin tuntuɓe ba ne.

Inda dokokin ba su kai ba

A koma ga tirelar Potiskum. Babu ɗaya daga cikin tikitin da direban ke karɓa da FIRS ta taɓa bugawa. Kuɗin rumfa, kuɗin shara, kuɗin lodi, kuɗin kara, tikitin ɗan acaɓa da na mai adaidaita, na jihohi ne da ƙananan hukumomi da ƙungiyoyi, wani lokaci ma na wanda ya samu igiya ya gitta a hanya. Waɗannan su ne harajin da talaka ya sani, kuma su ne mafi yawan iri 200 ɗin da Oyedele ya ƙirga tun farko, ya ce yana so a mayar da su ƙasa da goma.

Dokokin tarayya huɗu ba za su iya share su ba, domin tsarin mulki ya ba jihohi da ƙananan hukumomi ikonsu. Abin da aka yi shi ne tsara samfurin doka da kowace majalisar jiha za ta zartar da kanta, kuma wasu jihohi sun fara. Sai dai rubutu a takarda ba sabon abu ba ne a wannan fage. Dokar 1998 da ta jera harajin da kowane mataki na gwamnati zai karɓa ta riga ta haramta kafa shinge a hanya don karɓar haraji, kuma duk wanda ya bi motar kaya daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas ya san adadin wuraren da ake tsayawa. Shingayen suna ciyar da mutane, da yawansu yaran 'yan siyasa ne, kuma shugaban ƙaramar hukumar da za a ce ya sauke su zai tambayi da me za a maye masa gurbi. Wannan ɓangare na aikin yana hannun gwamnoni da majalisun jihohi, ciki har da goma sha taran da suka taru a Kaduna.